Neman kalmar Hausa: me za mu kira "had disk" ɗin da ke cikin injin fotokwafi?

Jama'a, assalamu alaikum. Masu fassara, malaman Hausa da masu gyaran na'urorin ofis, ku matso, suna nake nema. A cikin manyan injinan fotokwafi na ofis, irin waɗanda ke yin kwafi da sikanin, su kuma buga takarda daga kwamfuta, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba. Da Turanci had disk ake ce masa ko had dirayib, a fuskar injin kuwa haruffa uku ake gani, HDD. Mu har yau ba mu raɗa masa suna ba. Wani ya ce memori, wani ya ce ƙwaƙwalwa, wani kuma "abin nan na ciki".

Ga abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai. Ranar da akwatin nan ya lalace, mai gyara zai zo ya kwance shi, ya ɗaura sabo, ya jefa tsohon a jaka ya kama gabansa. Mai kula da ofis ya sa hannu a takardar aiki, iyakar abin da ya ji shi ne an canja wani ƙarfe. Bai san cewa hoton takardun albashi, na kwangila, katin shaida da sakamakon gwajin asibiti na iya bin ƙarfen nan su fita ƙofa ba. Da sunan abin yana gaya masa akwai kayansa a ciki, da ya ce a dakata. Saboda haka suna nake so wanda mutumin da bai taɓa buɗe inji ba zai ji, ya gane abin da ake shirin fita da shi.

Kafin suna, mu san mai sunan. In an buɗe akwatin za a tarar da wani zagayayyen abu mai sheƙi, ɗaya ko biyu, na alminiyam ko gilashi, an shafe fuskarsa da sinadarin da ke karɓar maganaɗisu. Yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti. Akwai siririn hannu mai ɗan kai a ƙarshensa, shi ke rubutu shi ke karatu, amma ba ya taɓa fuskar. Shawagi yake a kan iska da tazarar 'yan nanomita, tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Kamfanin IBM ne ya fito da na farko a 1956, mai zagayayyun nan har 50, kowanne faɗin inci 24, kuma duk girmansa haruffa miliyan 5 yake ɗauka. Na cikin fotokwafi yawanci mai inci 2.5 ne, irin na kwamfutar cinya.

Me ya kai shi cikin fotokwafi? In ka nemi kwafi 20 na takarda mai shafi 50, kowane kwafi a jere, injin ba ya karanta asalin sau 20. Sau ɗaya yake ɗaukar hoto, ya ajiye, ya riƙa bugawa daga abin da ya ajiye. A nan ne kuma akwatunan takardun ma'aikata suke, wato wuraren da injin ke ajiye wa kowa hotunan takardunsa, da ayyukan da ke jiran mai su ya zo ya sa kalmar sirri, da tarihin wanda ya buga me. A injina da yawa har adiresoshin imel da ake tura sikanin gare su suna ciki, a wasu ma har manhajar da ke tayar da injin.

To, amsoshi sun fara shigowa, bari in bi su.

Ƙanena da ya ce mu ari kalmar yadda take mu huta, na fahimce ka, kuma ba na ƙyamar aro. Kwamfuta da intanet da fotokwafin kanta duk aro ne, sun zauna lafiya. Amma ka furta wannan da sauri da bakin Bahaushe, "hadis" za ka ji, ga shi kuwa muna da hadisi, kalma mai nauyi da ba ma so a riƙa cewa ta lalace ko an jefar da ita. Ko ba wannan ba, aron bai gaya wa mai ofis komai ba.

Memori kuma ya riga ya yi mai shi. Injin yana da memori na daban, wanda yake aiki da shi nan take, kuma da wuta ta yanke ya mance komai. Wanda muke magana a kai ba ya mantuwa, matsalar ma ke nan. In an haɗa su a suna ɗaya, ranar sayen kayan gyara za a kawo wanda ba shi ba. Ƙwaƙwalwa ta fi dacewa da ɓangaren da ke lissafi yana ba da umarni. Shi wannan bai san komai ba, riƙo kawai yake.

Malam, Allah ya ƙara ilimi, "faifai mai tauri" da ka kawo fassara ce daidai, ban ga aibunta ta fuskar nahawu ba. Inda na tsaya shi ne taurin. Taurin nan yana da ma'ana ne lokacin da ake bambanta shi da fulofi, faifan kwamfuta na da, wanda IBM ta fitar a 1971, mai laushi da ake iya lanƙwasawa. Yau yaron da aka ɗauka aiki a ofis bai taɓa ganin fulofi ba, ba shi da mai laushin da zai auna taurin da shi. Akwai ma haɗari: wanda ya ji "mai tauri" zai ɗauka abin yana jure bugu, alhali kuwa a duk injin da wuya a sami abin da ya fi shi rauni. A tura injin da ƙarfi yana cikin aiki ya ci karo da bango, kan na iya saukowa ya karce fuskar. Amma "faifai" da ka kawo, wannan kam na riƙe shi.

Rumbu da wani ya kawo ya burge ni, don yana nuna yawa kuma yana nuna dogon zama. Sai dai "rumbun bayanai" ya riga ya yaɗu a bakin 'yan jarida da ma'anar tarin bayanan da hukuma ko kamfani ke tsarawa, irin na rajistar masu zaɓe ko na masu layin waya. Kada mu ƙwace masa. Ma'adana ita ma kalma ce mai kyau, amma ta yi faɗi: filash ma'adana ce, katin waya ma'adana ne. Mu bar ta ta zama uwa, kowane iri ya sami sunansa a ƙarƙashinta.

Ni abin da raina ya kwanta da shi shi ne faifan ajiya. Faifai ya daɗe da sabawa da wannan aiki a Hausa, daga faifan garmaho zuwa faifan CD, kowa ya san abu ne zagayayye da ke juyawa, yana ɗauke da abin da aka naɗa, kuma in ya karce ya tashi daga aiki. Ka ga rabin bayanin mai gyara ya riga ya shiga cikin sunan. Ita kuwa ajiya, ita ce ta fi ja na. A Hausa ajiya ta wuce wurin sa kaya, tana nufin abin da wani ya damƙa maka amana. In aka ce wa shugabar ofis "Hajiya, za mu tafi da tsohon faifan ajiya", ba ta buƙatar darasin kwamfuta kafin ta tambaya ajiyar wa.

Wani injiniya ya yi gyara mai ma'ana: dirayib duka akwatin ne da abin da ke juya faifan da hannun karatun, ba faifan kaɗai ba. Gaskiya ne, Oga. Sai dai ba a sayen faifan shi kaɗai, ba a kuma canja shi shi kaɗai, don haka sunan babban ɓangaren ya wadatar. In wata rana ana koyar da ɗalibai aka buƙaci bambancewa, sai a ce akwatin faifan.

Suna ba ya tafiya shi kaɗai, sai da kalmomin aikin da za su raka shi, kuma a nan ne "ya lalace" ke cutar da mu, don abu uku take rufewa. Akwai faifan da ya rikice: jikinsa lafiya lau, tsarin rubutun ne ya hargitse, galibi saboda an zare wuta yana tsakiyar rubutu maimakon a kashe injin ta hanyar da aka tsara. Wannan fomatin, wato sake tsara faifan daga farko, da sake ɗora manhaja kan tayar da shi. Akwai wanda ya gaji: wasu gurabe a fuskarsa sun daina karɓar rubutu, injin na nawa, yana maƙalewa a tambarin kamfani in an kunna, wani lokaci ya kashe kansa ya sake tashi. Sai kuma wanda ya mutu, ko ya daina juyi, ko kan ya karce shi, ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas yana neman inda zai karanta bai samu ba. Injinan Canon kan nuna E602 in matsalar faifan ce, na Ricoh kuma SC860 da lambobin da ke biye da ita, amma lambar kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, don wayar da ta haɗa faifan da allon lantarki na cikin injin ma in ta saki tana iya jawo ta.

Wanda ya gaji shi ne ya fi cancantar a kula da shi, don shi kaɗai ke ba da lokaci. A wannan gaɓar ake kwashe adiresoshi da saituna da takardun akwatuna a ajiye a wani wuri. Sabon faifai fanko yake zuwa: a yi masa fomatin a cikin injin, a ɗora manhaja in irin wanda ke buƙata ne, a mayar da abin da aka kwashe. Abin da ba a kwashe ba kuwa sai a sake shigar da shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

"Ya mutu" ɗin nan da na yarda da ita tana da tarko, dole in faɗa. Mai ji zai ɗauka abin da ke ciki ma ya mutu. Ina! Akwai ɗakunan aiki da sana'arsu ke nan, su canja kan karatu ko allon faifan su zaro abin da ke ciki. Mai rai kuwa ba a magana. A watan Afrilun 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injinan fotokwafi huɗu a wani sito a jihar New Jersey, aka ciro faifansu aka bincika. An sami takardun 'yan sandan birnin Buffalo, an kuma sami shafuka kusan 300 na bayanan lafiyar mutane daga kamfanin inshorar lafiya na Affinity Health Plan. A 2013 kamfanin ya amince ya biya ma'aikatar lafiya ta Amurka dala 1,215,780, kuma mutum 344,579 abin ya shafa. Ba kutse aka yi musu ba. Injinan haya suka mayar ba tare da an share faifan ba.

Wannan ya kawo mu kan sharewa, inda nake ganin Hausa ta fi ƙarfin a ce komai "an goge". In injin ya gama aiki ya goge hoton takarda, sau da yawa sunanta kawai ya cire daga jeri, rubutun na nan kwance har sai wani ya hau kansa. Wannan mu bar masa gogewa. Rubuta wasu alamomi marasa ma'ana a kan tsohon rubutun har ya ɓace, ina ba da shawarar mu ce dannewa: an danne faifan. Yawancin manyan injinan yanzu suna da wannan saiti, sai dai a tabbatar a kunne yake. Juya rubutun ya zama ba ya karantuwa sai da mabuɗi, shi ne kullewa, kuma faifan da aka kulle ko an sa shi a wata na'ura ba abin da za a tsinta. Na ƙarshe farfasawa. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ma'aunai da ƙa'idojin fasaha, ita ma matakai uku ta jera a ƙa'idarta mai lamba 800-88, da ta fara fita a 2006, farfasawa ce ta can ƙarshe. A lura, mataccen faifai ba ya dannuwa, tunda ba ya karɓar rubutu. In ba a kulle yake ba tun yana da rai, to ko dai ya zauna a hannun mai ofis, ko a farfasa shi a gabansa. Wanda ke hayar inji ya sa wannan sharaɗi a yarjejeniya tun ranar farko.

Mu gwada su a jimla mu ji ko sun zauna a baki: "Faifan ajiyar injin nan ya gaji, mun kwashe adiresoshi, mun ɗaura sabo, mun danne tsohon mun damƙa wa shugaban ofis." Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba, kuma ba kalmar da mai sa hannu zai nemi a fassara masa.

Saura guda da ban gama da ita ba. Sababbin injina da yawa sun koma SSD, wanda ba faifai a cikinsa, ba abin da ke juyawa, ƙananan ƙwayoyin lantarki ne irin na filash. Ba ya yin ƙara kafin ya mutu, gurabensa ne ke ƙarewa da yawan rubutu, maganaɗisu ba ya share shi, dannewa ma ba a cika dogara da ita a kansa ba saboda shi ke zaɓar gurbin da zai rubuta. Kiransa faifai zai sa mai gyara ya yi masa abin da ake yi wa faifai. Na sa "ma'adanar filash" a gaba na wucin gadi, amma tana iya rikicewa da filash ɗin da ake sokawa a gefen kwamfuta. Malam, da kai injiniya, ku da kuke da kunnen harshe da hannun aiki, a kan wannan nake jiran ku.