Neman shawara: digirin jinya ba tare da ajiye aiki ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina son ƙaro digiri, amma aiki da yara ba za su bar ni in tare a makaranta ba. Tsakanin NOUN (jami'ar karatu daga gida ta ƙasa) da sashen karatu daga nesa na ABU Zariya, wanne zan ɗauka?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Duka biyun NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da su, ta nan hankalinki kwance. Ki fara da tambayar inda za ki zauna jarrabawa. Lacca a waya ake yi, amma jarrabawa sai kin je da ƙafarki. NOUN tana da cibiyar karatu a kowace jiha. Ita kuma ABU, ki tambaya ko akwai wurin jarrabawarsu kusa da ke kafin ki biya ko sisi.

Anti Hajara: Ƙanwata, jinya ba irin sauran kwasa-kwasai ba ce. Duk wadda kika zaɓa akwai zuwa asibiti aikin koyo, a gan ki ido da ido, a sa miki hannu a littafi. Nan ne mata da yawa ke tuntuɓe, don yakan haɗu da aikin dare. Ki zauna da shugabar sashenku tun yanzu, ki kai mata jadawalin zango kafin a fitar da na aiki. Maigida ma ya san makonnin da za ki yi ba kya gida, a shirya wanda zai riƙe yara.

Sadiq Funtuwa: A NOUN aikin gida da ake yi ta intanet, wanda ake kira TMA, maki 30 ne, jarrabawa 70. Kada ki ba masu shagon intanet su yi miki TMA ɗin. Ranar jarrabawa ke kaɗai za ki shiga. Littattafan NOUN kyauta ne a shafinsu, ki sauke da datar dare, wanda ya yi tsauri ki buga shi a takarda.

Malam Habu: Kuma a yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, karatun ɗaliban NOUN bai tsaya ba.

Anti Hajara: Haka ne Malam, sai dai ni kaɗaici na fi ji mata tsoro. Mace ta taso daga aiki a gajiye, ta ɗora tukunya, ta buɗe waya ƙarfe goma na dare, ba mai tambayar ta ko ta gane. Mu huɗu muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a falon ɗayarmu, kowacce ta koyar da babi ɗaya. Wallahi abin da ya riƙe ni ke nan har na gama.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Anti, a ina zan samu irin waɗannan abokan karatu?

Anti Hajara: Ranar rajista ki je cibiyar da kanki, kada ki aika. A layin nan za ki haɗu da su, ki karɓi lambobinsu.