Rage tsayin V-boot: a yanke sifirin ko a sayi sabo?

Ɗan Jega: Salam jama'a. V-boot ɗin nan 230E da baba ya bar min nike so in ɗan sauke ta ƙasa, gibin da ke tsakanin taya da bodi ya yi yawa wallahi, na sa rim 16 amma har yanzu kamar raƙumi take tsaye. wani yaro a gareji ya ce a yanke zagaye ɗaya daga kowane sifirin shi ke nan. mi kuka gani?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Kar ka yarda ya kusanto ta da wutar gas, da zarar ƙarfen sifirin ya sha zafi ya mutu, za ta riƙa zama kaɗan kaɗan kuma ba lallai ɓangarorin su zauna daidai ba, sai ka ga mota ta karkace hagu

Injiniya: Ƙanena tsaya tukun, kafin ka kashe kuɗi. Marsandi W124, wato V-boot, akwai wata roba da ke saman sifirin, kauri kala-kala ne, a gaba akwai mai milimita 8, 13, 18 da 23, ana gane su da ƴan ƙulle-ƙullen da ke gefen robar, ɗaya shi ne mafi siriri huɗu mafi kauri. ka sa a leƙa a ƙirga. in mai uku ko huɗu ce a taka, ka koma mai ɗaya, motar za ta sauka fiye ma da bambancin kaurin don sifirin ɗin ba a bakin taya yake ba, can tsakiyar hannun ƙasa yake zaune. kuma laushinta na nan, wanda ai don shi ake son V-boot tun farko

Ɗan Jega: Ikon Allah, ban taɓa jin wanga ba oga. to in bai ishe ni ba fa?

Injiniya: Sai sifirin da anka yi don haka, Eibach ko H&R, duk na Jamus ne. kusan milimita 30 zuwa 40 suke saukewa. amma ka faɗi injinka wurin oda, na 300E mai silinda 6 ba ɗaya ba ne da naka mai 4, nauyin gaba ya bambanta. sannan tsohon shokozoba ba ya daɗewa da gajeren sifirin, Bilstein B8 don wannan aka yi shi

Mai Wagon: ni dai nawa na Beljiyam ne, na Sportline, wato wanda Marsandi da kansu sunka yi mai ɗan gajarta. a Ƙofar Ruwa Kano wani ya nemo min. a Ladipo ma ana dacewa in kana da mutum a Legas, sai dai ka sa a turo maka hoton lambar da ke jiki, don da yawa wanda aka yanke ne aka fesa mai fenti

Alhaji Na Argungu: Ku yara dai. a wace hanya za ka hau ta? bam ɗin da ke cikin garuruwa tsakanin Jega da Birnin Kebbi kaɗai ya isa, ga damina ga lungunan unguwa, ranar biki ka ɗauki mutum huɗu a baya salansa ta fara shara. in sam, wato mazubin bakin mai da ke ƙasan inji, ya fashe bakin mai ya tsiyaye injin ne zai tafi ba kwalliya ba. kar ka sauke ta fiye da milimita 30

Ɗan Jega: 😂 Allah ya ƙara girma Alhaji, an ji

Baban Ummi: Kuma ka nemi bakaniken Marsandi na gaske mai abin matse sifirin da ake zurawa ta ciki, na gaban nan dogo ne kuma a matse yake sosai, in ya kuɓuce daga jak yana iya kashe mutum, ba wasa nike ba. bayan nan alaimen dole, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki waje na nan sabo

Mai Wagon: ka aje tsoffin sifirin ɗin ma, masu sayen V-boot sun fi son ta yadda ta fito

Ɗan Jega: Na gode ƙwarai. gobe in sha Allah zan sa a ƙirga ƙullen robar in turo hoto. Mai Wagon taimaka min da lambar mutumin Kano ta pirabet