Ɗana ya ce mugun da ke cikin fim ɗin shi aka zalunta, me zan ce masa?

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Yarona ɗan shekara 9 ya kalli Kung Fu Panda na 2008, tun ranar ya kafe cewa Tai Lung aka zalunta. Wai malamin kung fu Shifu ne ya tsince shi yana jinjiri, ya raine shi, ya cika masa kai cewa shi zai gaji takardar sirrin ƙarfi marar iyaka, da lokaci ya yi tsohon kunkuru Oogway, malamin Shifu, ya ce a'a, Shifu ya yi gum. Na ce ai mugu ne, ya ce "to Mama, wa ya mayar da shi mugu?" Wallahi na rasa amsa. In hana shi kallon irinsu ne?

Maman 'Yan Biyu: Ki hana shi kawai. Yau Tai Lung, gobe ya doki ƙaninsa ya ce shi ma an zalunce shi.

Wani malamin firamare: Hajiya, kar ki hana. Yaron bai yi ƙarya ba, domin Shifu da bakinsa ya nemi afuwa a faɗansu na ƙarshe, ya ce alfahari ne ya rufe masa ido. In kika musa abin da ya gani da idonsa, gobe ba zai kawo miki tambaya ba. Ki amsa masa cewa an yi wa Tai Lung ba daidai ba, sannan ki tambaye shi: mutanen kwarin da ya ragargaza wa gidaje bayan an hana shi takardar, su me suka yi masa? Su suka hana shi takarda? Shekara 20 ya yi a ɗaure, ya fito bai sauya ba. Da Shifu ya ba shi haƙuri ma, ya ɗan yi jim, sai ya ce shi ba haƙuri yake so ba, takardarsa yake so. Ki mayar da fim ɗin daidai wurin nan ku kalla tare.

Anti daga Zinder: Ni Shifu ne ya fi ba ni haushi. Iyaye nawa ke ce wa yaro "kai likita ne" tun yana rarrafe?

Maman 'Yan Biyu: Malam, ai sai ka yi ta wanke mugu.

Wani malamin firamare: Ban wanke shi ba, 'yar'uwa. Sanin dalili daban, yafe laifi daban.

Ɗan'uwa mai son zane: Tai Lung mai sauƙi ne. A Princess Mononoke na Miyazaki, 1997, wata shugabar gari mai suna Eboshi na sare daji tana ƙera bindigogi, amma ita ce ta fanso mata daga gidajen karuwai, ta kuma bai wa kutare mafaka da aikin yi. Ni har yau ban yanke mata hukunci ba. Sai dai kar ki kunna masa wannan yanzu, akwai fille kai da hannu a ciki. Ki bari sai ya shiga sakandare.