Shawarwarin majalisa ga masu neman aiki a Rasha

Bayan la'asar hirar majalisarmu ta kai kan samarin Afirka da dillalai ke kwaɗaita wa aikin gadi ko girki a Rasha, su ƙare a fagen daga a Yukiren. Na tattaro abin da aka tsayar.

Tsohon sojan da ke cikinmu ya fi daɗewa kan takardar kwantiragi. Ya ce kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Rashanci sai wani amintacce ya karanta maka, ba tafintan dillali ba. Ko an rubuta shekara ɗaya, dokar kiran mutane zuwa yaƙi da Putin ya sanya wa hannu a Satumban 2022 ta sa kwantiragin soja na ci gaba har sai an janye kiran yaƙin. Ya nuna tabon harsashi a ƙaurinsa, muka yi tsit.

Kada ka miƙa fasfonka ga kowa, ka bar wa iyayenka kwafinsa da adireshin ofishin jakadancin ƙasarka a Mosko.

'Yan mata su yi hattara da tallar karatu da aiki a Alabuga, wani rukunin masana'antu a yankin Tatarstan na Rasha, can ake haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi, Yukiren kuma ta sha kai wa wurin hari. Wannan ya fi tayar min da hankali, domin ina da ƙanne.

Batun albashi kuwa, wani ɗan canji ya ce tun da Amurka da Turai suka ƙaƙaba takunkumi aka cire manyan bankunan Rasha daga SWIFT, tsarin da bankuna ke amfani da shi wajen tura kuɗi tsakanin ƙasashe, a 2022, aiko kuɗi gida ya zama wahala.