Sakandaren gwamnati ta gefen birnin Kano: yaya ta faro, kuma me uba zai duba?

Baban Khalifa, Sheka:
Assalamu alaikum. Ina neman haske daga malaman da ke nan. Unguwanninmu na gefen birni, irin su Sheka, Panshekara, Rijiyar Zaki, Bachirawa da Mariri, yaranmu duk sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo suke zuwa, wasu ma 'yan safe da 'yan yamma ake yi. Yaushe aka fara irin waɗannan makarantu, kuma me ya raba su da su Rumfa da muke jin labari? Sannan uban da ba shi da halin makarantar kuɗi, me zai duba kafin ya sa yaro babbar sakandare?

Malam na Gwale:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Sai an ɗan koma baya. Boko ta shigo Kano da makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a 1909, sai Midil ta Kano a 1927, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. A can marigayi Sarki Ado Bayero ya yi karatu. Makarantun wancan zamani 'yan kaɗan ne, yaran zaɓaɓɓu ne, akasari kuma na kwana, hukuma ta ciyar da su ta ba su littafi. Ko a 1977 da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, zamanin Kanar Sani Bello, tsarin bai sauya ba: a tace yara da jarrabawa, a kai su kwana wajen gari.

UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, ita ce ta sauya lissafin. Yaran da aka ɗiba a wannan shekara sun gama firamare a 1982, Abubakar Rimi yana gwamna, ga kuma tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) yana shigowa. Ba gwamnatin da za ta iya gina ɗakin kwana da kicin ga wannan taro. Mafita ita ce a kai makaranta kusa da gida, yaro ya ci tuwon uwarsa ya zo aji.

Ta gefen birni kuwa haihuwarta kusan iri ɗaya ce a Kumbotso da Ungogo. A yanka gonaki, akasari awon igiya, ba a ware filin makaranta ba. Gidaje su cika. Dattawan unguwa da mai unguwa su kai kuka, a ara musu ajujuwa biyu ko uku a firamaren da ke kusa, a buɗe aji ɗaya. Bayan shekara uku yaran sun gama ƙaramar sakandare, dole a nemi a ɗaga ta. Shi ya sa za ka tarar da ita a matse, ba filin ƙwallo, ɗakin gwaje-gwaje sai daga baya, in ma an yi. Da UBE, shirin ilimin tushe ga kowa, ta zo a 1999, dokarta ta fito a 2004, aka haɗa ƙaramar sakandare da firamare a ilimin bai-ɗaya na shekara tara, har a wurare da dama ka ga firinsifal biyu a haraba ɗaya. A 2019 kuma aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a jihar, yara suka ƙaru. Kullum unguwa tana gaba, gini yana biye da ita.

Malamar Kimiyya:
Malam ya kawo asali. Ni kan safe da yamma zan tsaya, don nan asarar take, iyaye kuma ba sa ganinta.

A lissafa. Makarantar da ke wuni guda tana iya yin darasi 8 na minti 40, wato minti 320 a rana. Wadda ta raba gini gida biyu, kowane rukuni da ƙyar ya samu darasi 6, sau da yawa na minti 35: minti 210. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, alhali manhajar WAEC da NECO ba a rage wa kowa ita. 'Yan yamma sun fi shan wahala. Suna shiga ajin da rana ta gasa kwanonsa, ga sallar azahar da la'asar a tsakiya, ranar Juma'a kusan babu karatu, kuma lokacin yana karo da Islamiyya. In akwai zaɓi, ka nema wa yaro safe.

Yawan yara: manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare. Kada ka tambayi ofis, ka leƙa aji ka ƙirga benci, ka ga nawa ke zaune a ƙasa. Malamin Turanci mai aji huɗu, kowane da yara 100, in ya ba da insha'i ɗaya takardu 400 ne. Ko minti uku-uku ya ba kowace, awa 20 ke nan. Don haka sai a daina ba da rubutu, a koma kwafe allo. Ba lalaci ba ne, lissafi ne, kuma daga nan faɗuwa a Turanci take farowa.

In yaron kimiyya zai yi, ka roƙi a buɗe maka lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ka duba ko akwai famfo ko ko da duro na ruwa, ko buret mai mil 50 da fifet mai mil 25, wato bututun gilashi na awon ruwan sinadari, sun kai a raba yara rukuni-rukuni, ko kwalaben sinadarai suna da suna a jiki. In ka ga kayan a kwali da ledarsu, ƙura ta rufe, to ba a taɓa su sai satin jarrabawa. Yaron da bai taɓa riƙe buret ba yakan karanta ma'auni daga sama maimakon ya daidaita ido da ƙasan lanƙwasar ruwan, ko ya sake famfon har launi ya wuce inda ake so. Maki ne ke zubewa a banza. Ka kuma tambayi sunan mai koyar da Fiziks da mai Lissafi a aji huɗu, da ko na dindindin ne ko ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin koyon koyarwa daga makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi. Suna taimakawa ƙwarai, amma tafiya suke yi a tsakiyar manhaja.

Baban Khalifa, Sheka:
Allah Ya saka da alheri, Malama. To batun kwalifayin fa? Ana cewa wanda bai ci ba shi ke nan.

Abu Ammar:
Ba haka ba ne, Alhaji. Kwalifayin jarrabawa ce da KERD, wani sashe na ma'aikatar ilimi ta jiha, ke shirya wa 'yan aji biyar a makarantun gwamnati. Wanda ya kai ma'aunin da aka sa, gwamnati take biya wa kuɗin NECO, ko NBAIS ga 'yan ɓangaren Arabiyya. Yawan kiredit da ake nema yana sauyawa da shekara, sai a tambayi jami'in jarrabawa na makarantar. Wanda bai kai ba yana iya zama, iyaye ne dai za su biya. Saboda haka a fara tara kuɗin tun yaro yana aji huɗu. In gwamnati ta biya, sai kuɗin su tafi rajistar JAMB.

Abin da ya fi kashe yara a nan takardu ne. Sunan da ke katin NIN, da na rajistar makaranta, da na sakamakon aji uku su zama ɗaya harafi da harafi, har jerin sunayen da ranar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da yaro wajen shiga jami'a. A gyara tun aji huɗu. Na biyu, canjin makaranta a aji biyar ko shida: makin gwajin zango-zango ana tura shi hukumar jarrabawa, in bai biyo yaron ba sai a yi ta faman nema. Na uku, haɗin darussa. Mai son likitanci da aka tura ajin da babu Fiziks, ko ya ci kiredit tara ba su yi masa rana ba. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a darussan da kwas ɗin yake so, shi ne abin nema.

Kuma ka nemi ganin sakamakon shekara uku a jere, ka tambaya ko an taɓa riƙe na makarantar saboda satar amsa.

Hajiya Umma, Rijiyar Lemo:
Duk kun yi maganar aji, ba wanda ya taɓo katanga da banɗaki, kuma ga 'ya mace su ne farko. Makarantun nan maza daban mata daban ne akasari, wannan ya sa iyaye da yawa suka yarda. Amma in katanga ta rushe, hanya ta ratsa haraba, babura suna wucewa ta gaban aji, uba zai cire 'yarsa. In banɗaki ba ƙofa ba ruwa, yarinyar da ta girma za ta riƙa fashin kwanaki kowane wata ba ta gaya wa kowa dalili ba. Ka zagaya bayan ajujuwa da ƙafarka, Baban Khalifa, ka murɗa famfon burtsatsen ka gani.

Ina kuma ɗan ja da Malam na Gwale, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ba gaba ɗaya koma-baya ba ne a kan su Rumfa. 'Yar mai faci da ɗan mai shayi da ba za su taɓa shiga makarantar kwana ba, a nan suka samu takarda. Kuma da yake malamai da iyaye unguwa ɗaya suke, masallaci ɗaya, gyara yana da sauƙi in kwamitin SBMC, wato na al'umma mai kula da makaranta, da na iyaye suna zama da gaske. Ka nemi littafin zamansu ka ga ranar taron ƙarshe, da abin da aka yi da kuɗin da aka tara: alli ne, gyaran benci ne, ko alawus na malamin sa-kai. Sannan ka auna nisa. Yarinyar da za ta hau adaidaita sahu biyu kafin ta isa, ranar da babu kuɗin mota ba za ta je ba, da damina kuma lungunan da ba kwalta sai a yi ta makara. Ka je ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe goma, ba tare da ka sanar ba, ka ƙirga ajin da babu malami a ciki.