Zagayen lambunan gida masu tsirrai 'yan asali: waɗanne zan shiga, me zan duba?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Za a yi zagayen lambunan gidaje a ƙarshen mako mai zuwa, irin wanda masu gidaje ke buɗe ƙofa jama'a su shiga su ga yadda suka raya filinsu da tsirrai 'yan asalin yankin. Jerin gidajen da aka ba mu ya fi ƙarfin kwana biyu. Ni kuma ɗan fili gare ni a bayan ɗaki, ciyawar ado ce a kai tana ta shanye mini ruwa, so nake in tuge ta in shuka abin da zai iya da kansa. Waɗanne gidaje zan fara shiga? In na shiga, me zan duba, me zan tambaya?

Baba Lawal:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki duba jerin nasu, fara duba naki filin. Ki lura da sa'o'in da rana ke bugunsa, da inda inuwar katanga ke faɗawa, da inda ruwa ke kwanciya in an yi sama. Ki haƙa rami kamar tsawon kamu guda, ki cika shi da ruwa, ki bari ya tsotse, ki sake cikawa. In na biyun ya ɓace cikin 'yan sa'o'i, ƙasarki na sakin ruwa. In ya kwana yana nan, laka gare ki. To da wannan sanin za ki zaɓi gidajen da za ki je, wato waɗanda ƙasarsu da ranarsu da girman filinsu suka yi kama da naki. Katafaren lambu a kan tudu mai tsakuwa zai burge ki, amma abin da za ki kwaso daga can ki kai ƙaramin fili mai laka kaɗan ne. Gida huɗu ko biyar a yini sun isa, in dai za ki tsaya ki yi hira da masu su.

Hajiya Binta:
Gaskiyar Baba. Ni abin da zan ƙara, ki tuna ana sa ranar zagayen ne daidai lokacin da furanni suka fi buɗewa. Kamar ganin amarya ne ranar biki. Saboda haka duk gidan da kika shiga, ki roƙi mai shi ya nuna miki hoton lambun a tsakiyar rani, lokacin da komai ya yi ƙura ya kwanta. Yawancinsu suna da irin hotunan a waya, kuma suna jin daɗin a tambaya. Tsirrai 'yan asali da yawa na wuraren da ake doguwar rani zubar da ganye suke yi su yi barci, mai kallo ya ɗauka sun mutu. In idonki ba zai jure wannan ba, gara ki sani tun yanzu, ki nemi gidan da ya haɗa da masu riƙe kore duk shekara.

Sai ki tambayi shekarun lambun. Wanda aka dasa bara da wanda ya shekara goma darasinsu daban. Sabon zai nuna miki tazarar da ake bari tsakanin dashe, wadda da farko za ki ga kamar ta yi yawa. Tsohon zai nuna miki dalilin barin ta.

Sadiya:
Anti, don Allah ina da tambaya a gefe. Wannan zagayen sabon abu ne? Ban taɓa jin mutum ya buɗe gidansa don baƙi su kalli shuka ba.

Malam Isiyaku:
Ya daɗe, Sadiya. A Ingila tun 1927 aka fara shirin National Garden Scheme, inda masu lambuna 609 suka buɗe ƙofofinsu a shekarar farko, kowane mai shiga ya ba da sule guda, kuɗin kuma aka tallafa wa ma'aikatan jinya masu bin gida-gida. Har yau ana yi, sai dai su kowane irin lambu ne, ba lallai na 'yan asali ba. Wanda ya keɓanta da 'yan asali ya fi ƙarfi a Kalifoniya ta Amurka. Gidauniyar Theodore Payne, wadda aka kafa a 1960, tana shirya nata a yankin Los Anjeles wajajen Maris ko Afrilu. Shi Payne ɗin mutumin Ingila ne da ya isa Kalifoniya a 1893, ya ga gine-gine da gonaki na cinye furannin dajin wurin, sai ya duƙufa wajen tara irinsu yana renonsu yana sayar wa masu gidaje.

Maman Hanifa, ga tawa shawarar, kuma ita ce na fi damuwa da ita. In kin shiga lambu, ki sunkuya ki juya ganye. Ki nemi ɓula, ki nemi gefen da aka gatsa. Lambun da ganyensa duk suke sumul ba tabo, ko dai ana yi masa feshi, ko kuma ƙwarin wurin ba su iya cin abin da aka shuka. Yawancin tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsa tsirrai ƙalilan kowace ke iya ci, waɗanda suka daɗe tare a wuri guda har cikinta ya saba da dafinsu. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne monak, malam-buɗe-littafin nan mai ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa tsaunukan tsakiyar Meziko. Tsutsarsa ba ta cin komai sai wasu tsirrai masu farin ƙaro, dangin tumfafiya. In babu su, babu shi.

Su kuma ƙananan tsuntsaye da yawa da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu, har da waɗanda manyansu tsaba suke ci. Douglas Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware, ya ƙiyasta cewa ɗan ƙaramin tsuntsun nan chickadee na buƙatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin ya yaye sheƙa guda. A 2018 shi da Desiree Narango da Peter Marra suka fitar da binciken da suka yi a filayen gidajen yankin Washinton. Sun gano cewa inda baƙin tsirrai suka haura kashi 30 cikin 100 na shukar fili, tsuntsun ba ya hayayyafar da za ta maye waɗanda ke mutuwa. Shi ya sa ni in na ga ganye a ɓule a gidan mutum nake tsayawa in yi masa barka.

Injiniya Kabiru:
Malam ya gama da ƙwari, bari in taɓa ruwa, tunda shi ya kawo Maman Hanifa. Tambaya ɗaya za ki riƙa maimaitawa a kowane gida: sau nawa kuke ban ruwa a wata mafi zafi, kuma sau nawa kuka yi a shekarar farko? Amsoshin biyu ba za su zama ɗaya ba. Kowane dashe, komai juriyarsa, yana son ruwa a rani na farko, wani har na biyu, kafin saiwarsa ta nutsa. Ana ba shi da yawa a lokaci guda, sannan a bar ƙasa ta sha iska, domin saiwa ta bi danshi ƙasa. Yayyafi kullum a sama yake tsayar da ita.

Ki kuma ɗaga kai ki bi indararo da ido, ki ga ina ruwan rufi yake zuwa. Gidajen da suka ƙware za ki tarar sun yi ɗan kwari a fili, nesa da tushen gini da kamar mita 3, ruwan sama na taruwa a ciki ya nutse. In an yi shi daidai, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya tsotse, sauro kuwa na buƙatar kusan mako kafin ya ƙyanƙyashe ya tashi. Ki tambayi zurfinsa da abin da suka shuka a tsakiya da abin da ke baki, domin na tsakiya dole ya jure ambaliya da fari duka.

Batun ba ƙarami ba ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da gidaje ke amfani da shi a can a waje yake tafiya, galibi kan ciyawa da lambu. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu kuwa, lokacin farin 2018, an taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana. A irin wannan hali ba mai zancen shayar da ciyawar ado.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. Amma Malam, maganarka ta ɗan tsorata ni. Ina da wata fulawa da nake ƙauna, na san ba 'yar yankin ba ce. Sai na cire ta ita ma?

Hajiya Binta:
A'a ƙanwata, ki bar abarki. Ko lissafin da Malam ya kawo ai ya bar gurbin kashi 30. A ganina masu tsananta wa mutane a kan sai ɗari bisa ɗari su ne ke korar sababbin shiga.

Malam Isiyaku:
Na yarda da Hajiya, da sharaɗi guda. A tabbatar baƙuwar ba mai tsallake katanga ba ce. Lantana daga nahiyar Amurka aka ɗauko ta don kyan furenta, aka kai ta lambuna a ƙasashe da dama. Tsuntsaye suka ci 'ya'yanta suka watsa irin, yau ta mamaye dazuzzuka da makiyaya a Indiya da Ostireliya da sassan Afirka, ganyenta kuma guba ne ga shanu. Duk daga ado abin ya fara. Sannan yawan ganin abu a wuri ba ya mai da shi ɗan asali. Darbejiya ta cika ƙasashe da yawa har mutane na ɗauka tasu ce tun fil azal, alhali asalinta yankin Indiya ne. Don haka ki nemi sunan kimiyya na fulawarki, ki duba ko tana cikin jerin masu mamaya na inda kike. Gidajen zagaye masu tsari suna maƙala wa kowace shuka suna. Ki ɗauki hoton shukar tare da alamar sunanta a hoto ɗaya, in ba haka ba kina komawa gida za su cakuɗe miki.

Anti Rabi:
Sannunku da hira. Ni ina cikin masu buɗe gida a irin wannan rana, bari in yi magana ta ɓangarenmu. Muna murna da baƙi ƙwarai, don mun san gani ya kori ji. Roƙonmu kaɗan ne. A bi hanyar da aka shata. Wurin da kike gani fili ne fayau ba komai, sau da yawa da gangan aka bar shi. Ƙudan zuma a duniya sun haura iri 20,000, mafi yawansu ba sa zama a amya, kowace ita kaɗai take rayuwa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasa suke haƙa gida. Taku ɗaya na iya rufe ramin. Haka tarin busassun ganye a gindin itace da karan da ba a sare ba, ƙwari ne ke fakewa a ciki har lokacinsu ya zagayo.

Kada a tsinki iri ko reshe sai an tambaya. Wallahi yawancinmu za mu ba ki, wasu ma sun ƙulla iri a takarda suna jiran mai so, amma akwai shukar da shekara guda ake jira ta yi 'ya'ya. In za ki ɗauki hoto, ki tsaya kan shuka, ki kauce wa tagogi da lambar gida da yaran mutane. In da yara kika zo, ki riƙe hannunsu, akwai masu ƙaya da masu ƙaro mai ƙuna. Sai takalmi: ki karkaɗe lakar gida ɗaya kafin ki shiga na gaba, domin cututtukan da ke ruɓar da saiwa a cikin ƙasa suke tafiya, tare da irin ciyayi.

Kuma ki tambaye mu abin da ya ƙi yi. Kowane mai lambu yana da shukar da ya gwada ta ƙi wurin, kuma jin dalilin zai rage miki asara fiye da jerin waɗanda suka yi kyau.

Baba Lawal:
Madalla da Rabi. In kin tambayi abin da ya mutu, za ki sha jin cewa gata ne ya kashe shi. Manzanita da ceanothus, wasu ƙananan itatuwa na Kalifoniya, in sun kafu aka ci gaba da ba su ruwa a tsakiyar zafi, saiwarsu ruɓewa take. Furotiya, wata shuka mai fure ta Afirka ta Kudu, wadda ake zuwa kallo a lambun Kirstenbosch da aka kafa a 1913, a ƙasa maras ƙarfi ta saba, takin zamani mai yawan fosfaras yana ƙona ta. Wanda ya saba da kayan lambu hannunsa na ƙaiƙayin zuba taki da ruwa, sai ya koyi dannewa.

Sadiya:
Baba, to a ina ake samun dashen? Ba za a iya tono su a daji kawai ba?

Baba Lawal:
Kul, 'yata. Wanda aka tono a daji da wuya ya rayu, saiwarsa ta riga ta yi nisa, kuma an bar rami a inda yake da amfani. A wurare da yawa ma doka ta hana. Ki tambayi masu gidajen inda suke saye, za ki ji sunan gandun reno ɗaya ko biyu na ta maimaituwa, to can za ki nufa. Ki ɗauki ƙanana a ƙaramin mazubi. Sun fi araha, sun fi saurin kama ƙasa, cikin 'yan shekaru sukan kamo manyan. A dasa a farkon damina, kuma kada a binne wuyan shukar, a bar shi daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara.

Malam Isiyaku:
A gandun kuma a tambaya ko an sa wa dashen maganin ƙwari mai shiga jikin shuka, irin su imidakulofirid. Yana bin ruwan jikinta har cikin fure, ƙudan zuman da kika gayyato su sha. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikin wannan rukuni a fili tun 2018, amma a wasu wuraren ana sayar da dashen da aka yi wa. In mai gandun bai san amsa ba, a gwada wani.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na haƙa ramin da Baba ya ce, ruwan na biyu ya kwana bai gama tsotsewa ba, ke nan laka ce. Na zaɓi ƙananan gidaje daga jerin, biyu a cikinsu an rubuta suna da kwarin tara ruwan sama. Saura abu ɗaya: ciyawar nan, tuge ta zan yi ko akwai wata dabara?

Injiniya Kabiru:
Ya danganta da irinta, shi ya sa za ki tsinko kaɗan da saiwarta ki sa a leda ki tafi da ita, ki nuna wa masu gidajen da suka cire tasu. In mai saiwa a sama ce, a aske ta ƙasa-ƙasa, a jiƙa, a shimfiɗa kwali gefe na hawa kan gefe ba tare da kafa ba, a zuba ɓawon itace ko busassun ganye mai kauri a kai, a bar shi wasu watanni. In kuwa irin kiri-kiri ce mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, kwali kaɗai ba ya gama da ita, sai an haƙa an tsince saiwar, an kuma riƙa bin duk tohon da ya leƙo. A filin laka ki yi haƙar lokacin da ƙasa ke da ɗan danshi, ba jiƙe sharkaf ba, don kada ta dunƙule.