Da gaske ne rabon gado ya taɓa korar manoman Jamus daga ƙasarsu?

Ɗan Gandu, daga wajen Ringim

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Mahaifinmu ya rasu bara da kaka, Allah ya jiƙansa. Gonar gandun da muka tashi muna nomawa, wadda in damina ta yi kyau muke ɗaure dami ɗari da 'yan kai na gero da dawa, an raba ta kafin saukar ruwan bana. Mu goma sha ɗaya ne, maza shida mata biyar, ga iyayenmu mata biyu. Abin da ya faɗo hannuna, in na tsaya a iyaka na wurga hoge, a gonar ƙanena zai sauka. Shi kuma ƙanen nawa ya tubure, sai ya sayar da kasonsa ya yi guzuri ya bi ta Agadas zuwa Aljeriya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da kawunmu, duk a banza.

Shekaranjiya a majalisarmu bayan isha'i wani malamin makaranta ya ce in daina ganin laifin yaron. Wai ko Jamusawan da muke gani suna ƙera Marsandi, an yi zamanin da rabon gado ya mayar da gonakinsu kamar tabarmar sallah, har suka riƙa kwasar iyali suna tafiya Amurka, lokacin tana hannun Ingila. Na ce masa ban yarda ba. Ni a sanina Bature zuwa yake ya mallake ƙasar mutane, ban taɓa jin ya je ci-rani ba. To masu ilimin tarihi, da gaske ne? In da gaske ne, wanda ya tafi ɗin yaya ta ƙare masa da iyalinsa?

Malamin Tarihi, Dambatta

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa kanku. Malaminku bai yi ƙarya ba.

A kudu maso yammacin Jamus, wajajen Württemberg da Palatinate da ke gaɓar kogin Rhine, al'adarsu ita ce a raba gona daidai tsakanin 'ya'ya duka, maza da mata. A wasu sassan ƙasar ɗa ɗaya ne yake gaje gona sukutum, sauran su san inda dare ya yi musu. To su masu rabawar, jika kan tarar da 'yan kunyoyi nan da can waɗanda ba sa ciyar da gida. Sai dai ba gado kaɗai ba ne. Sojojin Faransa sun sha ratsa yankin suna ƙone-ƙone, ga haraji, sannan a farkon 1709 aka yi wani sanyi da ya kashe itatuwan inabi da na marmari. A shekarar mutum wajen 13,000 suka gangara kogin zuwa Holan, suka tsallaka Landan, saboda an baza labarin cewa Sarauniya Anne tana rabon ƙasa kyauta a Amurka.

Bari in ba ka labarin gida ɗaya, don ɗan gidan ya rubuta wa 'ya'yansa tarihin rayuwarsa da hannunsa, shi ya sa aka san shi. Sunansa Conrad Weiser, an haife shi a 1696. Uwarsa ta rasu a 1709. Uban, wanda tsohon soja ne kuma mai gasa burodi, ya sayar wa babbar 'yarsa da ke gidan miji da gida da gona da lambun inabi. Ɗan kaɗan suka iya biya a hannu, ragowar kuma har abada ba ta iso shi ba. Ya tasa 'ya'ya takwas a gaba suka kama hanya.

Ƙasar kyauta ba su gan ta ba. Gwamnatin Ingila ta ɗebi kusan 3,000 daga cikinsu ta aika New York a 1710, da sharaɗin su yi mata aikin tatsar ƙaron itace ana dafa kwaltar da ake liƙe jiragen ruwa da ita, har sai sun biya kuɗin jirgi da na abincin da suka ci. Ɗaruruwa sun mutu a teku da zazzaɓi. Da aka sauka, gwamna Robert Hunter ya kwashi yara ya raba wa masu sana'a su yi musu barance, har da ƙannen Conrad biyu. Kwaltar ma ba ta yi ba, Landan ta daina aiko kuɗi, a 1712 gwamna ya ce kowa tasa ta fisshe shi.

Suka nausa wani kwari da ake kira Schoharie, ƙasar ƙabilar Mohawk, 'yan asalin Amurka, ba shanu ba garma. 'Yan ƙasar ne suka nuna musu saiwoyin daji da za su tona su ci. A nan uban ya yi wani abu da ya zama arzikin gidan daga baya: ya ba wani shugaban Mohawk ɗansa Conrad ya je ya zauna a wurinsu ya koyi harshe, kamar yadda ake ba da yaro almajirci. Ya sha yunwa da sanyi na wata takwas, ya dawo da yare a bakinsa.

Sun yi sassabe, sun kafa ƙauyuka bakwai, alkama ta fara kyau, sai ga wasu attajiran garin Albany na New York da takarda a hannu wai gwamnati ta ba su wurin. Uban ya tafi Landan kai ƙara a 1718, 'yan fashin teku suka tare su a hanya, can kuma aka ɗaure shi saboda bashi. Sai 1723 ya dawo hannu rabbana.

Shi Conrad ya auri Anna Eve a 1720. A 1729 ya kwashe iyalinsa zuwa Tulpehocken a Pennsylvania, ya fara da eka 200, ya gina ɗakin dutse wanda har yau yana nan kusa da garin Womelsdorf ana zuwa kallo. Ya yi noma, ya yi jima, ya zama tafintan gwamnati tsakaninta da ƙabilu, har alƙalanci ya yi kafin ya rasu a 1760. 'Yarsa ta auri limamin coci Henry Muhlenberg, ɗansu Frederick shi ne kakakin majalisar wakilan Amurka na farko a 1789. Ka lissafa da kanka: daga barin gida zuwa samun gonar da ba mai tashinsu, shekara ashirin. Kuma ba uban da ya yanke shawarar tafiyar ne ya same ta ba.

Tsohon Direba, Gumel

Allah ya gafarta Malam, ni da na ga ana zancen manoman Jamus a ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka na ɗauka na Kamaru ake nufi. Na yi shekaru ina lodin Mubi da Garwa, kuma har lokacin tsofaffi in za su kwatanta abu mai tsanani sai su ce kamar zamanin Jamus. Sun riƙe Kamaru daga 1884 har aka kore su a yaƙin duniya na farko, Garwa ta faɗi a 1915. Manyan gonakin koko da roba da suka yi a gindin dutsen Kamaru ba da hannunsu suka noma ba, mutane aka riƙa kamowa ana sa su aikin dole. Wancan naka ya riƙe gatari da kansa, waɗannan bulala suka riƙe. Kada yara su karanta su haɗa su wuri ɗaya. Mu nan Kano Bajamushen da muka sani shi ne matafiyin nan Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, da ya zo a 1851, shi kuwa ko kunya ɗaya bai huɗa ba, rubutu ya yi ya wuce.

Maman Hassana, Kazaure

Malam, ka ba da labarin maza ka tsallake matar da layi ɗaya. Na taɓa karanta tarihin gidan nan, abin da ya tsaya mini a rai Anna Eve ce. Haihuwa goma sha huɗu ta yi, bakwai ne suka girma. Bakwai ta binne. Duk macen da ta taɓa wayar gari da goyo babu rai ta san abin da nake nufi, ni biyu na rasa kuma har yau in na ga sa'anninsu sai na ƙirga shekaru.

Kuma mijin ba mazauni ba ne. Yau yana wajen taron ƙabilu, tafiyar makonni a daji, gobe yana birnin Philadelphia na Pennsylvania. Wa ke tatsar shanu, wa ke kula da alkama da yara? Matan Jamusawan nan an san su da shiga gona tare da maza lokacin girbi, ga lambu, ga kaɗi da saƙa. Kamar bai isa ba, wajen 1735 ya shiga wata ɗariƙar Kirista a garin Ephrata masu zaman zuhudu da ƙin kwanciyar aure, ya tare a can. Ta bi shi na ɗan lokaci, ta ga ba za ta iya ba ta koma gonarta. Abin dariyar, a shekarun zuhudun nan nasa ba ta daina haihuwa ba.

Shi ya sa nake tambayarka Ɗan Gandu, ƙanen naka yana da mata? Don in ya tafi, ita ce za ta yi zaman.

Mai Rake, Ɓagwai

Ni inda na tsaya shi ne eka 200 ɗin nan. Ta wa ce kafin ya zo? Mutumin da aka ƙwace masa gona da takarda a Schoharie, shi ne kuma ya zauna a ƙasar ƙabilar Lenape, 'yan asalin wurin. A 1737 'ya'yan William Penn, Baturen Ingila da ya kafa Pennsylvania, suka fito da wata tsohuwar takarda wai an sayar wa ubansu ƙasa iyakar tafiyar yini ɗaya da rabi. Suka share hanya tun kafin ranar, suka ɗauko gwanayen gudu uku, aka yanke fiye da eka miliyan ɗaya. Da Lenape suka ƙi tashi, a taron 1742 da aka umarce su su kwashe kayansu, Weiser ɗin nan ne tafinta. A 1755 kuwa suka dawo da wuta, suka ƙone gonakin Jamusawa a yankinsa. Mu da muka ga yadda ake zuwa da takarda a auna gonar mutum a ce ta shiga fili, ba sai an fassara mana ba. Ƙanenka in ya je Aljeriya ba wanda zai kora masa wani ya ba shi eka ko ɗaya, leburanci zai yi.

Malamin Tarihi, Dambatta

Hajiya, na karɓi gyara. Mai Rake, haka ne, kuma ka tuna mini da abin da ya fi kama da zancen ƙanen nasa. Waɗanda suka biyo baya, daga wajen 1720 zuwa gaba, da yawa ba su da kuɗin jirgi. Akwai dillalai da ke yawo ƙauyukan Jamus da kaya masu kyau suna zuga mutane, ana biyansu lada a kan kowane kai. Kafin a gangara Rhine a kai tashar jiragen ruwa ta Rotterdam a Holan, shingayen karɓar kuɗin fito sun cinye guzurin. Sai mai jirgi ya ɗauke ka bashi. In an isa Philadelphia bayan wata biyu ko uku a teku, ba ka sauka sai wani ya zo ya biya bashin, kai kuma ka yi masa aiki shekara uku zuwa bakwai. Yaro ƙarami sai ya kai shekara 21. Miji ya tafi wannan gida, mata wancan, ɗa wani gari. Wanda nasa ya mutu bayan an wuce rabin teku, kuɗin mamacin ma a kansa yake. Duk da haka ba su fasa zuwa ba, har a ƙidayar 1790 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Pennsylvania jinin Jamus ne.

Ɗan Gandu, daga wajen Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan je in ba malaminmu haƙuri, na ƙaryata shi a gaban mutane.

Hajiya, yana da mata, aurensu shekara uku, da yarinya ɗaya da ciki. Cewa ya yi ta koma ɗakin tsohuwarmu kafin ya aiko.

Jiya da daddare na karanta masa abin da kuka rubuta, tun daga kwalta har dillalan nan masu kaya masu kyau, don akwai wani a kasuwarmu da ke haɗa tafiyar, kullum cikin sabuwar shadda. Bai ce komai ba sai da na zo kan jikan da ya zama kakakin majalisa, ya ce ka ji ko, ai sun ci riba. Na ce masa uban kakan nasa fa a kurkukun bashi ya kwana.

Inda muka tsaya, tafiya dai bai fasa ba, amma ya yarda ba zai sayar ba. Zai ba ni jinginar gonar, in haɗa da tawa in noma, ranar da ya dawo da kuɗina ya karɓi abarsa. Za mu yi a gaban mai unguwa da shaidu ranar Juma'a. Kuɗin ne ban gama haɗawa ba, sai na kai ɗan bijimina kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Wanda ya san yadda farashi yake a wannan satin ya taimaka mini da labari.